Wayar Katakon Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da wannan kalma ya kamata mutanen Birnin Gwari su karɓi labarin rasuwar Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye, wadda rabin garin nan ke kira Malamar Tarihi. Amma ba da ita suka karɓe shi ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsu shi ne, "Wa ya faɗa?"

Ta cika ne da safe bayan an idar da sallar asuba, kanta a kan cinyata, ruwan farkon damina yana yayyafi a kan kwano. Babana shi ne ƙaninta, kuma shi ne babban namijin da ya rage a gidan, don haka sanarwa a wuyansa take. Ya zauna a zaure ya ɗauki waya, ya yi saƙon murya yana kuka. Ya ce Yaya ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gida. Ya tura wa guruf ɗin tsofaffin ɗalibanta, ya tura wa na malamai, ya tura wa na 'yan kasuwa, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarmi ya zauna jiran jama'a.

Sai amsoshi suka fara shigowa. Wata da take aikin jinya yanzu ta rubuto cewa sannu da ƙoƙari Baba, amma bana ba za a kama su ba. Wani direba ya ce a gaishe da Malama, a gaya mata karatunta ya zauna. Wani daga Kuyello ya yi mata addu'ar ƙarin lafiya, har yana tambaya ko masarar da ya aiko ta iso. Wani kuma, Allah ya shirye shi, fuskar dariya ya turo mai hawaye a gefe, ya ce ai Malama ta riga ta mutu sau ɗaya, sun ci dambu. Ko mutum ɗaya bai tura saƙon gaba ba.

Ni ina ɗaki tare da ita, an lulluɓe ta da zane, ina jin wayar Baba tana ƙara daga zaure, ina jin shirun ƙofar gida. Wallahi raina ya ɓaci har na manta da kuka. Matar da ta koyar da garin nan kaf, daga mahauta har masu zama a ofis, a ce tsofaffin maƙwabta kaɗai za su tsaya sahu a kanta? Azahar kuma ba jiran kowa za ta yi ba. Sai dai ko a cikin ɓacin ran na san wanda ya jawo mana wannan abu. Ita ce da kanta, Allah ya jiƙanta, kuma sai na koma baya kafin a gane.

Gwaggo ba ta yarda da bitar da ake yi a zaune ba. Da zarar jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, sai ta kwance igiyar shanyar gidanmu, ko kayanmu sun bushe ko ba su bushe ba, ta naɗe ta a hannu ta yi makaranta da ita. Can za ta ɗaure ta daga gindin mangwaro zuwa tagar aji. Kwalayen sabulu da na taliya take karɓowa daga shagon Baba, ta yayyanka su, kowane guntu ta rubuta abu ɗaya a kai: ganuwar Zazzau, fataucin goro, jihadi, zuwan Turawa, haɗe Arewa da Kudu, samun 'yancin kai. Sai ta watsa su a kan tabarma ta ce a rataye mata su yadda suka biyo juna. Yara su yi ta kai da komo suna musu, ita tana zaune a kujera tana kaɗa ƙafa. Wani yaro ya taɓa rataye 'yancin kai gaban zuwan Turawa. Ta dube shi ta saman gilashi ta tambaye shi daga hannun wa aka karɓo 'yancin ke nan, daga hannun kakarsa?

Kowane kwali yana da huda uku, kowace huda da zarenta, kuma ba a ɗaure zare sai an amsa tambaya. Ta farko, wa ya faɗa? Ta biyu, yaushe ya faɗa? Ta uku, gani ya yi ko shi ma ji ya yi? Kwalin da ya sami ƙulli uku zama yake yi daram. Mai ƙulli ɗaya kuwa iska ce ke juya shi yadda ta ga dama, idan ya faɗi kuma ba ta yarda a ɗaga shi sai an tashi. Akuyar maigadin makaranta ta taɓa cinye fataucin goro ɗungurungum muna kallo, Gwaggo ta ce a ƙyale ta, duk labarin da ba a ɗaure ba rabon akuya ne.

Tana da "madalla" iri biyu. Akwai doguwa, wadda take ja kamar ba za ta ƙare ba. In ka ji wannan to ka kwafsa, ka fara shirin kare kanka. Akwai kuma gajeriya, wadda take faɗa ba ta ko kalle ka ba, ita ce ta gaske, kuma akwai waɗanda suka gama makaranta ba su taɓa samun ta ba. Alli ba ya rabuwa da bakin gyalenta, a ƙulle, inda sauran mata ke ƙulle goro. Gilashinta ma da zaren kwalayen nan take ɗaure shi.

Lokacin da waya ta shiga hannun kowa, ba ta bi sahun tsofaffin da ke tsine mata ba. Saya ta yi, ta zaunar da ni na koya mata, ba a jima ba ita ke yi mini gyara. Ta ce wannan abu tarihi ne da kowa ke rubutawa a lokaci guda, babu mai tsayawa ɗaure zare. Ta je wurin kafinta ta sa ya yanko mata katako mai siffar waya, tsayinsa ya kai ƙirjin yaro, aka shafe shi da baƙin fenti kamar allon aji. Darasin da ta kira ladabin waya babu shi a jadawalin makaranta, daga ƙarshen lokacin tarihi take gutsuro shi, shugaban makaranta ya gani ya kau da kai.

Ga yadda ake yi. Ta nuna yaro ta ce ya rubuta da alli saƙon da ya tura na ƙarshe, harafi da harafi, sannan ya ɗora katakon a ka ya zaga harabar makaranta da shi, ya bi ta ƙofar ɗakin malamai ya dawo. Wanda ya gaida kakarsa ne ya tafi yana taƙama. Amma akwai wani da ya yi wa wata yarinya ba'ar haƙora a guruf ɗin aji. Ya rubuta, ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi tafiya. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abin da ba za ka iya ɗauka a ka ka ratsa kasuwa da shi ba, kar ka tura shi." Ta miƙa masa tsumma ya goge da hannunsa.

Da wannan katako ta koya mana cewa lambar sirri kamar makullin rumbu take, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake ba a ba shi. Da shi ta hana mu sanar da ranar tafiya a waya, don ba ka san hannun da saƙon zai ƙare ba, kuma kowa a garin nan ya san abin da hanya da daji suke ciki. Duk wannan kafin mutuwarta ta farko ne.

Ta je Kuyello ne wurin wata tsohuwa da ta san labarin kafuwar ƙauyukan wajen, ta ce sai ta ji daga bakinta kafin ƙasa ta rufe ido. Can kuwa babu sabis. Washegari wani saƙon murya ya faɗo wayar Baba, wani mutum da bai sani ba yana cewa malamar tarihi ta rasu a hatsarin mota, ga hoton mota a kife. Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya kira lambarta ba ta shiga, shi ke nan ya fashe da kuka ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa. Daga baya ne aka lura da bishiyoyin kwakwa jere a bayan motar, abin da ko a mafarki babu shi a hanyar Kuyello.

An tura mutane su ɗauko gawa, suka yi saɓani da ita a hanya. Da hantsi sai ga ta a bayan acaɓa, da buhun masara da zabbi biyu a ɗaure. Ƙofar gida cike da tabarmi, liman yana tsakiyar addu'a. Ladan ne ya fara ganin ta, ya ranta a na kare, takalminsa sai da yamma aka aika masa. Gwaggo ta sauko a hankali, ta gyara gyale, ta ce, "Sannunku da zama. Wa aka rasa?" 

A cikin gida akwai Madam, aminiyarta tun suna 'yan mata, 'yar Gbagyi, Kirista, wadda ta koyar da Turanci a aji na kusa da nata. Ta kawo dambu cike da kwano, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da ta ga Gwaggo sai ta taɓa ta da ɗan yatsa, ta ɗirka mata duka a kafaɗa, sannan ta rungume ta. Gwaggo ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta jawo kwanon, ta ce tunda dominta aka dafa ai ta fi kowa haƙƙi. Tana ci tana bin tsakar gida da kallo, tana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma wasu sun daɗe suna amsa tambaya a kan hakan.

Da ta ƙoshi ta sa aka kira mata Baba a gaban mutane.

"Auta, wa ya faɗa maka?"

Ya ce wani mutum ne.

"Wane mutum?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu, shi kuma da farin gemunsa ya ɗora mata wayar kamar ɗan aji ɗaya. Ta kulle ta a akwatinta, ba ta mayar masa ba sai da ta ga dama. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka buga mata hoton motar da girma, ta manna a kwali, ya zama abin da take buɗe darasi da shi kowace shekara. Ta ɗaga shi ta ce ga hoton mutuwarta, a nemo mata abin da bai yi daidai ba a ciki. Ta kan ce wani dattijo mai shago ne ya yaɗa shi, ba za ta faɗi sunansa ba. To wa ke bukatar suna? Kafin wata ya zagayo yaran gari sun raɗa masa Baba Tura.

Baba ya yi fushi, fushi na gaske. Ya daina shigowa gaisuwar safe, ya daina cin abincin da take aika masa, sannan ya taɓa inda ya san zai yi mata zafi: ya hana kwali. Ga jarrabawa ta matso. Ta aike ni shago, ya ce mini kwali ya ƙare, alhali ga su nan a bayansa tuli har rufi. Na dawo na gaya mata. Ta ja "madalla" doguwa, ta sauko da tsofaffin kalandun gidan ta fara yankawa. Ni kuwa na shiga uku a tsakani, nan uba, nan uwar riƙo, kowa yana tambayata abin da ɗayan ya ce.

Wata safiya muka buɗe ƙofa sai ga ɗaurin kwali a bakin zaure, an yanke su daidai wa daida, kowanne da hudarsa uku da aka yi da ƙusa mai zafi. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya shi gaba da baya. Ta ce madalla, gajeriyar, ta ce in dama kunu in kai wa ubana, in sa sukari da yawa. Babu wanda ya ba wani haƙuri har suka rabu.

Daga shekarar nan Baba ya zama abokin aikinta. Kowace shekara kafin jarrabawa sai ta ɗana abin da take kira tarko. Ta shirya saƙon ƙarya, a tura daga wayar Baba, a ga wanda zai tura gaba bai ɗaure zare ba. Wata shekara aka ce an ɗage jarrabawa. Wata shekara aka ce za a raba waya kyauta ga duk wanda ya aiko da lambar sirrinsa. Wata shekara kuma aka ce an ga giwa daga dajin Kamuku ta shigo tasha tana shan ruwan masu wankin mota. Duk wanda ya faɗa, hukuncinsa sharar tsakar gidanmu da yankan kwali. Ba ɗalibai kaɗai ba, na sha ganin magidanta da tumbinsu sun zo da sassafe riƙe da tsintsiya, suna yi suna dariyar kansu. Baba kuwa abin ya yi masa daɗi fiye da kima. Ya ƙware wajen karyar da murya, har ita ke ce masa ya rage gishiri. Ba ta taɓa ɗana tarko da mutuwa ko da hari ba, ta ce waɗannan ba abin wasa ba ne, amma ranar da muke bukatar a tuna da haka babu wanda ya tuna.

Akwai abu ɗaya da ba ta dariya a kansa. Lokacin da aka kai hari ƙauyen Gwaska mutanensa suka gudo cikin gari, yaransu suka shigo ajinta. A cikinsu akwai wata yarinya da wani ya ɗauki hotonta tana kuka a gaban gawar mahaifinta, hoton kuma ya shiga kowace waya. Yarinyar ba ta iya ɗaga kai a aji. Gwaggo ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Bi ta yi daga benci zuwa benci, ta shiga ɗakin malamai, ta fita har rumfunan masu cajin waya, ta tsaya a kan mutum sai ya goge a gaban idonta. Ta ce gawa ba ta da bakin da za ta ce kar a ɗauke ta hoto, shi ya sa mu masu rai za mu faɗa a madadinta. Ranar bita ta miƙa wa yarinyar farin kwali ta ce ta rubuta Gwaska ta rataye, kuma ita za ta ɗaure zare na uku, don ita da idonta ta gani. Yarinyar nan yanzu malama ce a firamare.

Ko bayan da ta yi ritaya ba ta daina ba, gida ta dawo da abin. Igiyar ta koma tsakar gidanmu, daga bishiyar gwaiba zuwa ginshiƙin madafi. Bana ma ta riga ta ɗaure ta, ta sa wa yara Asabar su zo bitar ƙarshe. Tarkon bana ne kawai ba ta kai ga ɗanawa ba, kuma duk gari shi ake jira.

To kun ji abin da ya sa ranar rasuwarta hantsi ya ɗaga, fiye da rabin tabarmin ƙofar gida babu kowa a kai. Baba ya kira wasu da bakinsa, suka yaba masa, suka ce bana kam ya iya kuka. Na tura nawa saƙon, aka ce au, ke ma an sa ki a ciki? Maƙwabtan da suka zo suka gwada, aka tambaye su ko sun gani da ido. Su kuma mutanen kirki suka faɗi gaskiya, suka ce Baba ne ya gaya musu. Shi ke nan magana ta koma ƙulli ɗaya.

Bayan maƙwabta, Madam ce ta fara takowa da ƙafarta, riƙe da lema, ta zo ne ta yi wa Gwaggo faɗa a kan wasan ya wuce gona da iri. Tun daga zaure take magana. Ta shigo ɗaki ta gan ni, ta ga zanen. Ta ɗaga gefensa ta duba, ta mayar a hankali, sai kawai ta zauna a ƙasa. Wannan karon ba ta kawo dambu ba.

Wani daga cikin maƙwabta ya ce mafita ɗaya ce, a ɗauki hoton fuskarta ko na makara a tura, kowa zai yarda. Gaskiyarsa ce, da an yi da an wuce wurin. Na ji muryar Baba daga zaure, ba irin wadda yake karyarwa ba.

"Ba za a ɗauki Yaya hoto ba. Ko mu nan kaɗai ne za mu sallace ta."

Ya shigo tsakar gida ya tsaya a ƙarƙashin igiyar, kwalaye suna taɓa hularsa. Idonsa ya sauka a kan wayar katako, tana jingine a bango inda ta bar ta. Ya ce in nemo masa alli. Ban sha wahala ba, na kwance bakin gyalenta. Ya durƙusa ya rubuta da manyan haruffa: Yaya ta rasu yau da asuba. Ni ƙaninta na faɗa. Na gani da idona. Jana'iza bayan azahar. Madam, wadda Gwaggo ta yi shekaru tana tsokana da cewa mutanensu ba su san ɗaukar kaya a ka ba sai a kafaɗa, ita ta cire ɗankwalinta na sama ta naɗa masa gammo. Ya tuɓe hula, muka ɗora masa, ya fita.

Abin da ya faru a kasuwa ban gani ba, don haka bari in ɗaure zarena yadda aka koya mini. Madam ce ta faɗa mini, ranar ta faɗa, kuma tana biye da shi taku da taku. Ta ce ya bi ta 'yan hatsi, ya ratsa mahauta, ya fita tasha, ya dawo ta rumfunan masu caji. Da farko wasu sun fara dariya, har wani ya yi kirarin Baba Tura. Sai suka ga fuskarsa. Hawaye na bin gemu, yayyafi na neman wanke allin, Madam ta ɗaga lemar a kan rubutun ta bar Baba da kanta suna jiƙewa. Wani mahauci, tsohon ɗalibin Gwaggo, ya karanta, ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya bi bayansu. Tela ya bar keke. Mai shayi ya rufe tukunya. Kowa a garin nan ya san abin da ake nufi in mutum ya ɗauki magana a ka ya ratsa kasuwa da ita.

Daga nan wayoyi suka kama aiki. Kowane saƙo da sunan mai shi a gaba, da lokaci, da cewa na ga Baba da idona ɗauke da wayar Malama. Madam ta ce duk cikar kasuwar nan ba ta ga mutum ɗaya da ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsa ba.

Liman ya ɗan jinkirta don mutanen Kuyello, suka iso a kan babura, jan laka har gwiwa. An ce sahu ya wuce kwanar layinmu ya shiga na gaba. Ɗalibanta Kiristoci suka tsaya a gindin bishiyoyi har aka idar, sannan suka bi makara tare da kowa. Mata suka cika tsakar gida har babu wurin sa ƙafa, suna zaune a ƙarƙashin jihadi da zuwan Turawa, ana kuka, can kuma wata ta tuno maganar giwar tasha a fashe da dariya, a koma kuka. Mai fuskar dariyar nan ya fi kowa kuka a ƙofar gida. Washegari da sassafe na same shi yana sharar tsakar gida, babu wanda ya sa shi.

Ranar Asabar ban zaci kowa zai zo ba, sai ga yaran jarrabawa sun yi sallama. Malamar nan 'yar Gwaska ta sauke kwalaye ta watsa a tabarma, Madam ta zauna a kujerar Gwaggo tana gwada jan "madalla", ba ta iya ba, yara suna ƙunshe dariya. Aka jera tarihi tun daga ganuwa har 'yancin kai, aka yi musu, aka ɗaure. Da aka gama sai Baba ya zaro wani kwali daga aljihun rigarsa, sabo, da hudarsa uku. Ya rubuta Malama a kai. Ya je can ƙarshen igiya, kusa da madafi, ya tsaya yana jira.

Wata yarinya ta gane abin da yake jira. Ta tambaye shi wa ya faɗa, ya ce shi ne, ya ɗaure. Ta tambaye shi yaushe, ya faɗi ranar, ya ɗaure.

"Baba, gani ka yi ko ji ka yi?"

Ya kamo zaren ƙarshe.

"Ni na sauka kabari na karɓe ta."

Ya ɗaure na uku, ya ja shi da kyau. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya sa amsoshinta su fito daram ranar da ita ce ake tambaya. Ya ba Baba haƙuri, ya ba yaran nan sa'ar jarrabawa. Igiyar tana nan inda ta ɗaure ta, babu wanda ya iya kwancewa. Wankinmu a kan katanga muke shanya shi.